Injin Niƙan Umara Mai Albasa

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa jiran kaya daga Kano ta hannun kamfanin sufurin Alhaji Ba'ana ya san Yoila Dzarma, ko da bai san sunansa ba, domin Akawu kowa ke ce masa. Gajere ne, da biro biyu a aljihun gaba da tabarau mai ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Mutumin Marama ne, can kudancin Borno. Ya zo Maiduguri yana saurayi da niyyar zama malamin makaranta, sai wani kawunsa ya samo masa aikin wata uku a siton kamfanin, a gefen Gwange inda unguwar ta gangara kogi. Wata ukun nan ne ya miƙe ya zama shekara talatin da ɗaya.

Aikinsa ba mai wuyar faɗa ba ne. Gingimari ta iso, 'yan dako su sauke, shi ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙirga buhu da kwali. Kowane kaya yana da takardarsa, wadda direbobi ke kira webil, kuma kashi uku ake rubuta ta: fara ta mai kaya, shuɗiya ta direba, ja ta zauna a sito. Mai kaya ya zo da fararsa, Akawu ya ɗora ta kan ja, in sun dace a buɗe masa ƙofa. In babu farar, to ko kai ne limamin unguwa sai dai ku gaisa ka koma. Yana da doka ta biyu da yake maimaita wa kowa har 'yan dako suka haddace suna kwaikwayon muryarsa: kada ka sa hannu sai ka ga kayanka lafiya. Ba mugu ba ne, kuma ba a taɓa jin ya ci wa wani ko kwalin ashana ba. Matsalarsa ɗaya, ya yarda da takarda fiye da yadda ya yarda da fuskar mutum, kuma shekara ashirin takardar ba ta ba shi kunya ba.

A farkon shekarar 2014 aka sauke wani akwatin katako da ya ɗauki ƙarti shida. Injin niƙa ne sabo fil, na wani Umara Mai Albasa daga Konduga. Ranar wata Litinin sai ga Umaran da kansa, dogo, yana wari irin na wanda ya kwana cikin buhunan albasa, bakinsa kuwa ya ƙi rufuwa. Ya zagaya akwatin sau uku yana shafa shi.

"Akawu, na uwargida ne," in ji shi. "Noman rani biyu na haɗa. Ba ta san kamarsa ba, labarinsa kawai na ba ta."

Bai zo da mota ba, ya ce sai Alhamis. Kafin ya tafi ya ari gwangwanin fentin da 'yan dako ke yi wa kaya alama, ya durƙusa ya rubuta sunansa da ajami a gefen akwatin, manya-manya, don kada a yi kuskure a ba wani. Sannan ya miƙo farar takardarsa.

"Riƙe min wannan, ni da yawan mantuwa."

Akawu ya girmama shi irin na Barebari ya ce, "A'a, Ba Umara. Takarda ta mai kaya ce. Ka zo da ita ranar Alhamis."

Umara ya yi dariya, ya ninke ta huɗu ya cusa cikin hularsa. Washegari 'yan bindiga suka shiga Konduga suka ƙone ta. Alhamis ta zo ta wuce, ba Umara ba labarinsa.

Shekarar nan sito ya cika da kayan da masu shi ba su zo ba. Garuruwa suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, mutane suna kwarara cikin Maiduguri da ƙafa, kayan da aka yi odarsu tun ana zaman lafiya kuma suna ta isowa daga Kano kamar ba su ji labari ba. A cikin haka ne Akawu ya karya dokarsa karo na farko. Wata mata ta zo da goyo tana kuka, ta ce mijinta ɗan kasuwar Bama an kashe shi, yana da shinkafa buhu talatin a nan. Ta faɗi sunan, ta faɗi adadin. Zuciyar Akawu ta karye, ya sa aka loda mata. Kwana takwas bayan haka sai ga mamacin ya shigo da ƙafarsa, da farar takarda a hannu, bai taɓa jin sunan matar ba. Alhaji Ba'ana bai kore shi ba, amma ya tsayar da shi gaban 'yan dako da direbobi ya ce, "Akawu, ban ɗauke ka aikin tausayi ba." Yoila ya yi wata guda ba ya iya ɗaga ido ya dubi mai gadi ma.

Ana cikin watan nan Mu'mina ta zo. Doguwa ce siririya, da tabon ƙuna a bayan hannun dama, tana riƙe da 'yarta mai kimanin shekara goma. Hausarta ba yawa, tana yi tana haɗawa da Barbarci. Ta ce ita matar Umara Mai Albasa ce, ya mutu, ya gaya mata akwai inji a siton Alhaji Ba'ana.

"Allah ya jiƙansa," in ji Akawu. "Ina takardar?"

"Tana wurinsa."

"To ai sai da ita."

"Da ita aka binne shi, Malam. Ko ta ƙone. Ni ban ga gawar ba."

Ya ce ta kawo wasiƙar bulama, wato mai unguwarsu. Ta ce bulama ma ba a san inda yake ba. Ya ce to ta kawo mutum biyu da kamfani ya sani su shaide ta. Ta dube shi kawai, don wa ta sani a Maiduguri ban da matan da suke kwana tanti ɗaya? Yarinyar, Muhsinat, ta zare hannunta ta je wurin akwatin, ta ɗora yatsa kan rubutun tana bi a hankali, bakinta yana motsi. Akawu ya gani. Sai dai wancan goyon ma ya gani, da wancan kukan, don haka ya sunkuyar da kai kan takardunsa. Matar ta zauna a inuwar bango har la'asar, sannan ta kama hannun 'yarta suka fita.

Wata biyar aka yi kafin wani direba mai suna Kyari, wanda a da yake jigilar albasa daga Konduga, ya shigo neman lodi ya ci karo da akwatin.

"Wannan ai na marigayi Ba Umara ne. Matarsa Ya Mu'mina ba ta zo ba? Ni na gaya mata inda siton yake. Doguwa, da ƙuna a hannu."

Akawu ya ajiye biro. Ranar bai ci abincin da matarsa Phebe ta aiko ba, kuma da ya koma gida ya gaya mata komai, har maganar da Umara ya yi ta a riƙe masa takardar. Wannan ce ta fi cinsa. Da ya miƙa hannu ya karɓa a ranar Litinin ɗin nan, da farar tana cikin durowarsa, da ja kusa da ita.

Daga nan ya shiga nema. Kowace Lahadi in an tashi daga coci sai ya hau Keke ya nufi wani sansanin 'yan gudun hijira, yau Dalori, wani makon Bakasi, wani Muna. Abin da bai sani ba shi ne, a Borno in ka tsaya ka kira Umara, rabin layi ne zai waiwayo, matan Umara da suka mutu kuwa ba su ƙirguwa. An nuna masa Mu'mina gajera, an nuna masa Mu'mina makauniya, an nuna masa wadda ta rantse ita ce har ta nemi ƙona hannunta. Shekara biyu ya yi a haka kafin ƙafarsa ta yi sanyi, ya koma tambayar direbobi kawai. Daga baya aka rufe sansanonin aka mayar da mutane ƙauyuka, abin da ya rage na sawu ya ɓace.

Akwatin dai yana nan. Ya sa aka ɗora shi kan bulo huɗu saboda danshin damina, yana share shi kowace safiya, yana zuba maganin gara a ƙarƙashinsa. Bai taɓa buɗe shi ba, domin kayan mutum ba a buɗe su sai gaban mai shi. 'Yan dako suka sa masa suna amaryar Akawu, in sun shigo da safe su ce, "Akawu, amarya ta tashi lafiya?" Ya yi murmushin da bai kai ciki ba.

Da Alhaji Ba'ana ya rasu, ɗansa Imran ya karɓi kamfanin. Yaro ne mai ladabi da ya yi karatu a waje, ya kawo kwamfuta, ya kawo tsarin da mai kaya zai ga inda motarsa take a wayarsa. Abu na farko da ya yi shi ne gwanjon duk kayan da suka shekara biyar ba a zo ɗauka ba, don fili ya yi wa sito kaɗan. Akawu ya bar komai ya tafi, taliya da ta lalace, robobi, tayoyi, amma da aka zo kan akwatin sai ya tsaya a gabansa.

"Baba Yoila, wurin nan buhu arba'in yake ci," in ji Imran.

"Teburina nawa yake ci?"

"Kamar haka."

Washegari Akawu ya fitar da teburin da ya yi shekara ashirin da shida yana rubutu a kai, ya ba mai shayi, ya jawo kujerarsa gaban akwatin. Tun daga ranar a kan injin Umara ake rubuta webil ɗin kamfanin. Ya yi masa tsawo, sai ya ɗaga kafaɗa yake rubutu, wannan ne ya bar masa ciwon wuyan da har yau yake fama da shi.

A daminar 2024 ruwa ya ci Maiduguri. Da gari ya waye Gwange ta zama kogi, Akawu da Phebe suka fito daga gidan hayarsu ruwa har ƙirji, ita da ƙullin zane a ka, shi da Littafi Mai Tsarki da ya riga ya jiƙe. Aka kwashe su zuwa ɗaya daga cikin sansanonin da ya taɓa bi yana neman Mu'mina, aka sake buɗe shi saboda ambaliyar. Rana ta biyu ya shiga layin karɓar abinci. Da ya kai gaba, matar da ke rajista ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Baba, katin shaida?"

"Ruwa ya tafi da shi."

"To ka koma gefe tukuna, sai an samu wanda ya san ka."

Ya koma gefen. Bai yi gardama ba, don ya san ba laifinta ba ne, kuma ya fi kowa sanin yadda ake faɗin wannan magana. Ya zauna a inuwar bango yana kallon layin, kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi.

Phebe ce ta samo bakin zaren, a bakin famfo, inda mata ke samo komai. Wata tsohuwa 'yar Konduga da ta zo jinyar jikanta ruwa ya rutsa da ita ta ce ta san Mu'mina mai ƙuna a hannu, tana gidajen da aka gina wa waɗanda suka koma Konduga, tana ɗinkin hula. Abin da Akawu ya yi shekaru yana nema a Keke, matarsa ta samo shi da bokiti a hannu.

Ruwa ya kwana tara a cikin sito, ya bar layin laka a bango sama da kan mutum. Imran ya zo da takalmin roba ya duba, ya ce ba za a gyara ba, kamfani zai koma sabon fili a hanyar Damaturu, can kuma kwamfuta ce za ta riƙa fitar da takarda. Ya yi maganar a hankali yana kallon ƙasa, ya ce Baba Yoila ya yi ƙoƙari, lokacin hutu ya yi, ya tambaye shi ko akwai abin da yake so.

"A-kori-kura na kwana ɗaya," in ji Akawu. "Da Kyari."

Jar takardar ta narke tare da sauran, don haka ya zauna ya rubuta sabuwa da hannunsa, ta ƙarshe da ya rubuta wa kamfanin. Injin niƙa ɗaya, cikin akwati, daga sito zuwa Konduga, mai karɓa Mu'mina matar Umara Mai Albasa. Suka tashi da safe. Tafiyar ba ta da nisa amma shingayen sojoji sun ja ta, a kowanne sai an ga takarda, shi kuwa yana miƙawa da hannu biyu. Akwatin yana baya yana ɗigar baƙin ruwa, Akawu yana ta gaya wa kansa cewa ƙarfe ne, ƙarfe kuma ana wanke shi.

Sun same ta wajen azahar a ƙofar ɗakinta, da hula kan gwiwa, ta kawo ta daf da ido tana neman ramin allura. Ta tsufa fiye da shekarunta. Kyari ya yi mata wushe, suka gaisa da Barbarci, sannan ya nuna Akawu. Ta daɗe tana dubansa.

"Na gane shi," ta ce da Hausa, wadda yanzu ta zauna a bakinta. "Malam mai takarda."

"Ya Mu'mina, kayanki na kawo."

"Har yanzu ba ni da takardar."

"Ba komai."

"Yanzu ne ba komai?"

Akawu ya juya wurin motar. Maƙwabta suka taimaka aka sauke, Kyari ya sa ƙarfen taya ya ɓalle murfin. Wari ya fara fitowa. Laka ta cika akwatin har rabi, ta shiga mazurarin, ta shiga ko'ina, tsatsa ta yi ja a kan duk abin da ya leƙo. Kyari ya kama ƙafar injin da hannu biyu ya murɗa har jijiyar wuyansa ta tashi, ko motsi ba ta yi ba. Wani bakanike da ke cikin masu kallo ya leƙa, ya kaɗa kai ya ce ruwa ya kwana a cikin zuciyarsa, gyaransa ya fi sabo tsada. Shekara goma injin nan yana bushe a hannun Akawu, kwana tara kacal suka kashe shi.

Mu'mina ba ta taso ba. Daga inda take zaune ta ce, "A sansaninmu mace ɗaya ce mai inji. Tun asuba ake layi a ƙofarta. 'Ya'yanta duka suna nan, uku ta aurar. Mu da ba mu da komai, itace muke zuwa, bayan ramin da sojoji suka haƙa, can inda 'yan bindiga suke." Ta gyara hular a gwiwarta. "Ka tuna yarinyar da na zo da ita? Wadda ta karanta sunan babanta?"

"Na tuna."

"Su goma sha ɗaya suka fita itace, bakwai suka dawo. Shekara uku ke nan. Ranar ni ce ya kamata in je, ƙafata ta kumbura."

Akawu ya cire tabarau. Ya so ya gaya mata labarin shinkafa buhu talatin, da Lahadin da ya ƙarar a sansanoni, da teburin da ya bayar, amma da ya auna su a bakinsa sai ya ji ba su da nauyin komai.

"Na cuce ki, Ya Mu'mina," ya ce. "Mijinki ya ba ni takardar in riƙe, na ƙi. Na cuce ku."

"Aikinka ka yi," ta ce. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta kuma ce ba ta yafe ba.

Ta miƙe da ƙyar ta zagaya gefen akwatin. Fentin mai ne, ruwa bai ci shi ba, sunan Umara yana nan ƙarƙashin laka. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta ce wa Kyari ya cire mata wannan katakon a hankali kada ya tsage, don gidansu ya ƙone ƙurmus, ba ta da ko hoton mutumin. Ƙarfen kuma ta ce a ba 'yan gwangwan in suna so.

Nan ne hannun Akawu ya yi abin da ya saba shekara talatin da ɗaya, kafin kansa ya hana shi. Ya zaro takardar daga aljihu tare da 'yar tawadar dangwale, ya miƙa mata.

"Me aka rubuta?" ta tambaya.

"Injin niƙa ɗaya. An karɓa lafiya."

Ta rungume katakon a ƙirjinta ta dubi tarin laka da tsatsar da ke ƙofar ɗakinta.

"Ban karɓi inji ba, Malam."

Ya tsaya da takardar a hannu. Dokarsa ce, shi ya koya wa rabin 'yan kasuwar Maiduguri ita, kuma matar ba ta yi kuskure ba. Ya ninke takardar huɗu ya mayar bayan biro biyun. Ta shiga ɗaki da katakonta ta saki labule.

Suka kama hanyar dawowa. A shingen ƙarshe kafin gari, sojan da ya duba takardarsu da safe ya leƙa bayan motar ya ga wayam, ya gane tsohon, ya yi masa fara'a.

"Baba, an kai kaya?"

Kyari ya waiwayo ya dubi Akawu.

"An dai sauke," in ji Akawu.

Yanzu yana zaune a Gwange, a ɗaki ɗaya da suka samu bayan ruwa ya janye, ba ya zuwa ko'ina sai coci da asibitin wuya. Phebe ta ce duk ranar wanki sai ta cire takardar daga aljihun rigarsa ta ajiye kan taga, in riga ta bushe shi da kansa yake mayarwa. Layin mai karɓa har yau ba komai a kansa.